FARAREN GINSHIƘAI, BAƘAƘEN HANNUWA: TARIHIN MANYAN GIDAJEN GANDU NA KUDANCIN AMURKA

A wannan karon za mu ɗan ajiye littattafan hikaya a gefe, mu leƙa tarihi, mu ƙetare teku zuwa karkarar kudancin Amurka ta ƙarni na 19. Duk wanda ya taɓa kallon finafinan da ke ba da labarin wancan zamani ya san hoton da nake nufi: ƙaton gida fari fat a tsakiyar gona, dogayen ginshiƙai sun jeru a gabansa, ga baranda sama da ƙasa, ga wata miƙaƙƙiyar hanya da itatuwa suka yi wa rumfa har bakin ƙofa. Gidaje ne masu kyan gaske, wannan babu gardama. Abin da nake son mu duba shi ne inda aka samo salon, inda aka samo kuɗin, da kuma hannun da ya ɗora tubalin. A nawa nazarin, wanda ya tsaya a ƙofar gaba kawai rabin tarihin ya gani. Sauran rabin yana bayan gida.

Daga Ina Aka Samo Salon?

Ginshiƙan nan asalinsu na gidajen bautar mutanen Girka da Rum ne, waɗanda aka gina shekaru sama da 2,000 da suka wuce. A 1570 wani magini ɗan Italiya mai suna Andrea Palladio ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin ginin mutanen Rum, inda ya nuna yadda za a ɗauko fuskar gidan bauta a manna wa gidan attajiri na ƙauye. Daga baya wasu Ingilishi biyu, James Stuart da Nicholas Revett, suka tafi birnin Atina suka auna kufai da tsofaffin gine-gine, suka fara fitar da zane-zanensu a 1762. Waɗannan littattafai su ne suka zama alƙibla ga magina a Turai, sannan a Amurka.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi a Amurka shi ne Thomas Jefferson, shugaban ƙasa na uku. A 1785, lokacin yana jakada a Faransa, ya zana ginin majalisar jihar Bajiniya, inda ya kwaikwayi wani tsohon gidan bautar Rumawa da ke garin Nim a kudancin Faransa. Gidansa na kan tudu, Monticello, shi ma a kan koyarwar Palladio ya tsara shi. A tunaninsa sabuwar jamhuriya ba ta da buƙatar kwaikwayon fadojin sarakunan Ingila, gara ta koma ga magabatan da suka fara mulkin jama'a.

Abubuwa biyu suka ƙara wa wutar iska. Na farko yaƙin 1812 da Ingila, wanda a cikinsa sojojin Ingila suka ƙona fadar shugaban ƙasa a 1814, abin da ya sa jama'a suka ƙara ƙyamar duk abin da ke da ƙanshin Ingila. Na biyu kuma yaƙin neman 'yanci da Girkawa suka fara da Daular Usmaniyya a 1821, wanda Amurkawa suka riƙa kallo kamar maimaicin nasu yaƙin. Sai aka shiga yayin Girka. Garuruwa suka samu sunaye irin su Korint a Misisifi da Demopolis a Alabama, wato birnin jama'a. Bankuna, coci-coci, kotuna, makarantu, duk suka yi ginshiƙai. Ya kamata a sani cewa wannan yayi na ƙasa baki ɗaya ne, domin a arewa ma, a Niyu Yok da Ohayo, an yi irin waɗannan gidaje birjik. Amma a kudu ne ya samu wata ma'ana ta dabam, kamar yadda za mu gani.

Yaya salon ya isa lungunan karkara inda babu ƙwararrun masu zanen gini? Ta hanyar littattafan samfur. Asher Benjamin ya fitar da nasa na kafintoci a 1830, Minard Lafever ya fitar da biyu a 1833 da 1835. A cikinsu akwai awon komai: tsawon ginshiƙi gwargwadon kaurinsa, yadda ake sassaƙa kansa, yadda ake tsara ƙofa da taga. Kan ginshiƙi iri uku ne. Akwai Dorik, mai sauƙi ba ado. Akwai Ayonik, mai naɗi biyu kamar ƙahon rago. Akwai kuma Korintiyan, mai ganyayyaki, wanda ya fi tsada. Da irin wannan littafi a hannu, kafinta mai basira a ƙauye zai iya fitar da fuskar gidan bautar Atina bai taɓa barin jiharsu ba.

Daga Ina Kuɗin Suka Fito?

Amsar a taƙaice ita ce auduga da rake, amsar a tsawaice kuma ita ce bayi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, aikin da a da yake cin yini guda kafin mutum ya raba ɗan ƙullin auduga da angurya. A 1795 wani manomi kusa da Niyu Olins, Étienne de Boré, ya yi nasarar dafa ruwan rake ya zama sukari mai tsaba da za a iya kaiwa kasuwa. A 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa. A 1830 aka kafa dokar korar 'yan asalin ƙasar, ƙabilun Cokto, Cikaso, Kirik da Ceroki, daga filayensu masu albarka zuwa yammacin kogin Misisifi. Fili ya samu, inji ya samu, masaƙun Ingila kuma sun buɗe baki suna jiran auduga. Abin da ya rage shi ne masu noma.

Tun 1808 doka ta hana shigo da bayi daga Afirka, don haka sai cinikin cikin gida ya bunƙasa. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe mutane kimanin miliyan 1 daga tsofaffin jihohi irin su Bajiniya da Merilan zuwa sababbin gonakin kudu, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa ɗaure da sarƙa, tafiyar makonni. An raba miji da mata, an raba uwa da ɗa. Babbar kasuwa tana Niyu Olins, mai bi mata kuma tana bakin garin Nachez, a wata mararraba da ke nisan tafiyar ƙafa daga wasu gidajen da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a yau.

Audugar da ake nomawa ta tashi daga dila dubu kaɗan a 1790 zuwa dila sama da miliyan 4 a 1860, kuma ita kaɗai ta fi rabin kayan da Amurka ke sayarwa waje. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4. Idan aka ƙiyasta su da farashin kasuwa, kamar yadda iyayengijinsu ke yi, kuɗinsu ya kai dala biliyan 3, wato ya fi jarin da ke cikin layin dogo da masana'antun ƙasar a haɗe.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan gidaje da bashi aka gina su, abin jinginar kuwa mutane ne. A 2005 bankin JPMorgan Chase ya amsa cewa wasu tsofaffin bankuna biyu na Luwiziyana da ya gada sun karɓi bayi kimanin 13,000 a matsayin jingina tsakanin 1831 da 1865, kuma da masu bashi suka kasa biya, bankunan sun mallaki kimanin 1,250 daga cikinsu. Ke nan bawa shi ya sare daji, shi ya noma auduga, shi ya gina gidan, kuma shi ne takardar jinginar da aka ciyo bashin ginin da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu Gidaje Huɗu

Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ziyarci wasu daga cikinsu. Na farko shi ne Oak Alley, a bakin kogin Misisifi a Luwiziyana, wanda Jacques Roman, manomin rake, ya gina tsakanin 1837 da 1839. Ginshiƙai 28 irin na Dorik sun kewaye shi ta ko'ina, daidai da adadin manyan itatuwa 28 da suka jeru a layi biyu, tsawon ƙafa 800, daga ƙofa zuwa wajen kogi. Bayi sama da 100 ne ke aiki a gandun.

Na biyu shi ne Millford a Karolina ta Kudu, wanda John Manning, da ya zama gwamnan jihar daga baya, ya gina tsakanin 1839 da 1841. Ginshiƙansa shida ne irin na Korintiyan. Babban maginin daga arewa aka ɗauko shi, daga jihar Rod Ailan, kujeru da tebura kuma daga shagon Duncan Phyfe na Niyu Yok. Wannan ya nuna cewa kuɗin gandu ba a kudu kaɗai ya tsaya ba, 'yan kasuwa da masu sana'a na arewa ma sun lasa.

Na uku shi ne Berry Hill a Bajiniya, na James Bruce, wanda aka kammala wajen 1844. Ginshiƙai takwas ne a fuskarsa, an tsara su don su yi kama da Partenon, babban gidan bautar Atina. Na huɗu kuma Gaineswood a Demopolis, wanda ya fi ba ni sha'awa saboda yadda ya faro. Ɗan ƙaramin gidan gungume ne mai ɗaki biyu da fili a tsakiya. Mai shi, Nathan Whitfield, ya ɗauki shekara 18, daga 1843 zuwa 1861, yana ƙari yana gyara, da littattafan samfur a hannunsa da ƙwararrun bayi a ƙarƙashinsa, har ya zama ƙasaitaccen gida mai ɗakuna masu ƙubba da gilashi a sama.

Duk da fuskar Girka, jikin gidajen na ƙasar zafi ne. Ana ɗaga su a kan dirkokin bulo saboda danshi da ambaliya. Rufin ɗaki yakan kai ƙafa 12 ko fiye don zafi ya hau sama. Ana ratsa tsakiyar gida da faffaɗan zaure mai ƙofa gaba da baya don iska ta wuce. Tagogi dogaye ne har ƙasa, baranda kuma tana hana rana dukan bango. Ɗakin girki yana waje, saboda tsoron gobara da zafi, da kuma nesanta masu girkin daga idon baƙi. A gidan Melrose na Nachez har yau akwai wata ƙatuwar fankar katako rataye a saman teburin cin abinci. Ba lantarki ke juya ta ba, igiya ce, kuma bawa ne ke tsayawa a gefe yana ja har masu gida su gama cin abinci.

Abin Da Ke Cikin Ginshiƙi

A Girka da dutsen marmara ake yin ginshiƙi. A bakin Misisifi kuwa babu dutse, sai laka da itace. Don haka mafi yawan ginshiƙan nan jan bulo ne, wanda aka buga shi da siffa ta musamman, gefe ɗaya faffaɗa ɗaya tsukakke, yadda idan aka jera zai ba da da'ira. Sai a yaɓe da filasta, a goge, a shafa farin fenti. Wasu ma katako ne mai rami a ciki. A cikin ɗakuna kuma akan yi wa katakon gida fenti mai jijiya-jijiya don ya yi kama da marmara ko wani itace mai tsada. Daga nesa sai ka rantse dutse ne.

Su wa suka yi aikin? Bayi ne ke haƙo laka a bakin kogi, su kwaɓa, su zuba a ma'auni, su shanya, su gasa. A wasu tsofaffin gine-gine na kudu har yanzu ana ganin sawun yatsu a jikin bulo, wasu ƙanana ƙwarai, alamar yara ne suka juya shi yana ɗanye. Bayi ne ke shiga fadama, cikin ruwa da macizai da sauro, su saro itacen da ba ya ruɓewa, su tsaga shi. A cikinsu akwai magina, kafintoci, maƙera da masu filasta, waɗanda akan ba da hayarsu ga wasu masu gini, kuɗin hayar ya shiga aljihun ubangida.

Takardun gandu sukan rubuta sunan bawa kusa da farashinsa, ba kusa da aikinsa ba, shi ya sa sunayen kaɗan ne suka iso gare mu. Akwai John Hemmings, kafintan Monticello, wanda yawancin kyawawan aikin katako na cikin gidan ya bi ta hannunsa. Jefferson, mai rubuta takardar shelar 'yancin Amurka, ya mallaki mutane sama da 600 a tsawon rayuwarsa, kuma Hemmings ɗaya ne daga cikinsu. Akwai Antoine, mai kula da lambun Oak Alley, wanda a wajen 1846 ya yi nasarar yi wa itacen fikan aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, abin da ya gagari wasu kafin shi. Irin da ya fitar ya samu lambar yabo a babban baje kolin Filadelfiya na 1876, ya kuma buɗe hanyar noman wannan ɗan itace don kasuwa. Ko sunan mahaifinsa ba a rubuta ba. Akwai kuma Thomas Day, baƙar fata amma ɗa, mai babban shagon kafinta a garin Milton na Karolina ta Arewa, wanda ya ƙawata gidajen attajiran yankin da matakala da ƙofofi. Shi kansa ya mallaki bayi a shagonsa, abin da ke nuna yadda tsarin ya cuɗe da komai.

Mu ma muna da ɗan zare a cikin wannan saƙa. Wata masaniyar tarihi, Gwendolyn Midlo Hall, ta tattara bayanan bayi sama da 100,000 daga tsofaffin takardun kotu da na gado na Luwiziyana, daga 1719 zuwa 1820. Magatakardan wancan lokaci sukan rubuta ƙabilar bawa, kuma a cikin jerin, tare da Kongo, Mandingo, Wolof, Ibo, Yarbawa da Fulani, akwai Hausawa. A kusa da Nachez kuma aka yi Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, ɗan sarautar Futa Jalo, wanda aka sayar wa wani manomi Thomas Foster a 1788. Ya yi shekara 40 a gonar, har wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ta jawo hankalin gwamnati aka sake shi a 1828. Ya rasu a Laberiya a 1829, 'ya'yansa na can cikin bauta a lokacin.

Bayan Gida

Abin da Bature ke kira filanteshan shi ne abin da Bahaushe ya sani da gandu, layin bukkokin bayin kuma shi ne rinji. Babban gida ɗan ƙaramin yanki ne na wannan ƙauye. A bayansa akwai ɗakin girki, ɗakin wanki, rumbuna, maƙera, bargar dawaki, gidan sarkin gandu mai bulala, injin gurza ko matsar rake, sannan bukkoki. Yawancin bukkokin katako ne, ɗaki ɗaya ga iyali guda, don haka su ne suka fara rushewa. Wurin da aka fi ganin tsarin a yau shi ne gandun Evergreen a Luwiziyana, inda bukkoki 22 suka tsira a layi biyu. An yi wa babban gidan kwaskwarima zuwa salon Girka a 1832, kuma yayin ya kai har masai ɗin masu gida an yi masa fuskar gidan bauta. Bukkokin kuwa ba a yi musu komai ba.

Mafi kyan bayanin rayuwar bayan gida daga bakin waɗanda suka yi ta ya fito. Solomon Northup, ɗa ne daga Niyu Yok da aka sace a 1841 aka sayar a Luwiziyana, ya kuɓuta a 1853 ya rubuta labarin shekaru 12 da ya yi a bauta. Ya bayyana yadda ake auna audugar kowa da yamma, abin da ake nema wajen kilo 90 a yini, wanda ya gaza kuma ya sha bulala. A gandun rake abin ya fi muni, domin daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara matsa da tukwane ba sa tsayawa dare da rana. Masana sun nuna cewa a yankunan rake na Luwiziyana mace-macen bayi sun fi haihuwarsu yawa. A watan Janairun 1811, a wannan gaɓar kogi da gidajen suka jeru daga baya, ɗaruruwan bayi ƙarƙashin Charles Deslondes suka yi tawaye suka nufi Niyu Olins. Aka murƙushe su, aka kashe kusan 100, aka kafa kawunan wasu a kan sanduna a bakin hanya don gargaɗi.

Su masu gidajen ba su ga wani karo tsakanin ginshiƙan dimokuraɗiyya da bulala ba. Hasali ma hujja suka mayar da shi, suna cewa ai Atina da Rum ma da bayi suka yi girma. A watan Maris na 1858 Sanata James Henry Hammond na Karolina ta Kudu ya yi jawabi a majalisa, inda ya kira auduga sarki. A cikin wannan jawabi ne ya kwatanta al'umma da gida, ya ce dole a samu wasu mutane da za su zama kamar katakon da ke kwance cikin laka wanda ginin ke zaune a kansa. Shekara guda bayan haka ya kammala nasa babban gidan, Redcliffe. Ban san wani bayani da ya fi wannan fito da ma'anar gidajen ba, kuma daga bakin mai gida ya fito.

Shin Kowa Ne Ke Da Irin Wannan Gida?

A'a, kuma nan ne finafinai suka fi ruɗar mutane. A 1860 masu bayi ba su kai 400,000 ba, wato kimanin iyali ɗaya cikin huɗu na fararen jihohin bauta. Masu bayi 20 zuwa sama wajen 46,000 ne, masu 100 zuwa sama kuwa ba su wuce 2,300 ba. Ko a cikin masu hali, da yawa sun gwammace su sayi ƙarin fili da ƙarin bayi a kan su yi gini. Frederick Law Olmsted, wanda ya zagaya kudu tsakanin 1852 da 1854 yana aika wa wata jaridar Niyu Yok rahoto, ya yi ta mamakin yadda masu auduga mai yawa ke zaune a gidajen gungume marasa kayan kirki. Gidan Edwin Epps, ubangidan Northup, wanda Northup ɗin ya taya ginawa a 1852, yana nan har yau, kuma ɗan madaidaicin gidan katako ne. Gidajen ginshiƙai na 'yan tsiraru ne, kuma lokacinsu gajere ne, shekaru 30 kacal kafin yaƙi.

Faɗuwa

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, ya ƙare a 1865 da faɗuwar kudu da soke bauta. Wasu gidajen sun ƙone a yaƙin, kamar Millwood na iyalin Hampton kusa da Kolombiya, wanda ginshiƙansa kawai suka rage. Amma yawancinsu ba wutar yaƙi ce ta ci su ba, talauci ne. Dukiyar da ke tafiya da ƙafa biyu ta tafi, bashi kuma yana nan. An yi gwanjon Oak Alley a 1866. Su kuma 'yantattun bayi, alƙawarin eka 40 da Janar Sherman ya yi a Janairun 1865 bai daɗe ba, domin Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu gandu filayensu. Da yawa suka ci gaba da zama a bukkokin nan suna noman kashi, bashin kantin mai gona na bin su shekara da shekaru.

Labarin Windsor a Misisifi ya ishe mu misali. Smith Daniell ya gina shi tsakanin 1859 da 1861, da ginshiƙai 29 masu tsawon kusan ƙafa 40, kawunansu na ƙarfe daga birnin San Luwis. Makonni kaɗan da tarewa ya rasu yana ɗan shekara 34. Gidan ya tsira daga yaƙi, amma a 17 ga Fabrairu 1890 gobara ta cinye shi ƙurmus. Ginshiƙai 23 ne suka rage a tsaye cikin daji, wato bulon da bayi suka gasa shi ne ya fi komai daɗewa. Gandun Uncle Sam an rushe shi a 1940 don a gina ganuwar tare kogi. Belle Grove ya zama kango, ya ƙone a 1952. Na baya-bayan nan shi ne Nottoway, wanda aka kammala a 1859, ɗaya daga cikin mafi girma da suka rage, wanda gobara ta cinye a 15 ga Mayu 2025. A lokacin ya zama masauƙin baƙi da wurin bikin aure. Wasu sun yi kukan hasarar tarihi, wasu jikokin bayi kuma sun ce ba su da hawayen da za su zubar.

Yadda Aka Sake Rubuta Labarin

Hoton da duniya ta sani a yau an fi ƙera shi a shekarun 1930. A 1932, cikin matsin tattalin arziki, matan wata ƙungiyar lambu a Nachez suka fara buɗe tsofaffin gidajensu ga baƙi masu biyan kuɗi, suna sanye da manyan rigunan kakanninsu. A 1936 Margaret Mitchell ta fitar da littafinta Gone with the Wind, aka mayar da shi fim a 1939. Gidan Tara na cikin littafin ba wani ƙasaitaccen gini ba ne, masu fim ne suka ƙawata shi, kuma abin da suka gina a Kalifoniya fuska ce kawai, babu ɗakuna a bayanta. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. A wannan shekara ta 1936 William Faulkner ya fitar da Absalom, Absalom!, labarin wani mutum da ya tilasta wa bayi da wani magini Bafaranshe suka gina masa ƙaton gida a fadama, gidan da ya ƙare a cikin wuta tare da zuriyarsa. Littafi biyu, shekara ɗaya, gida iri ɗaya, amma na farkon ne ya ci kasuwa. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1936 da 1938, ma'aikatan gwamnati suka yi hira da tsofaffin bayi sama da 2,300, amma hirarrakin suka daɗe a ma'adana kafin a waiwaye su.

Shekaru da dama mai yi wa baƙi jagora zai yi ta bayanin madubi da tangaran da labule, idan ya zo kan bayi sai ya ce masu hidima. Sauyi ya zo a hankali. A 1993 John Michael Vlach ya wallafa littafi sukutum a kan gine-ginen bayan babban gida. A watan Disamba 2014 aka buɗe gandun Whitney a Luwiziyana a matsayin gidan tarihin bauta, inda wani masani ɗan Senegal, Ibrahima Seck, ya jagoranci bincike, kuma aka zana sunayen bayi a jikin duwatsu. A 2018 Monticello ya buɗe ɗaki na musamman a kan Sally Hemings, baiwar da ta haifa wa Jefferson 'ya'ya. A 2019 wasu manyan kamfanonin tallan biki, ciki har da Pinterest, suka taƙaita tallata bikin aure a gandaye.

Kammalawa

Wasu na ganin a bar gidajen su rushe, wasu na ganin a bar su yadda suke a daina tone-tone. Ni ban bi ko ɗaya ba. Idan gidan ya rushe, shaida ce ta rushe, har da aikin hannun Hemmings da na dubban da ba a san sunansu ba. Idan kuma aka ci gaba da nuna falo ana ɓoye rinji, an ci amanar waɗanda suka gina shi karo na biyu. Abin da ya dace shi ne a adana gidan da bukkokinsa tare, a kira maginan da sunansu inda aka sani, a faɗi adadinsu inda ba a sani ba, sannan a fara zagayen daga baya kafin a zo ƙofar gaba. Wanda ya bi ta layin bukkoki 22 na Evergreen kafin ya ɗaga kai ya ga ginshiƙai zai yaba kyansu, kuma zai san nawa aka biya.

A nan zan dasa aya. Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya kuma kiyashe mu da cin gumin wani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.